Kaset ɗin da Yaya Ya Tsayar

Ina zaune cikin mota a ƙofar makarantar yaran maigidana, a unguwar Muhandisin da ke Alƙahira, ina jiran a tashe su, sai wayata ta yi ƙara. Ranar Alhamis ce, bayan azahar. Matar Yaya ce, kuma ba ta saba kirana lokacin aiki ba.

Ta ce, "Baffansu, tuƙi kake yi?"

Na ce a tsaye nake.

Ta ce, "Yayanka ya faɗi a shago. Maƙwabta sun ɗauke shi zuwa asibiti, amma kafin su isa rai ya yi halinsa."

Na yi istirja'i, ita ma ta yi. Daga nan aka buɗe ƙofar makaranta, yaran suka fito da gudu suka shiga mota suna gardama a kan wanda zai zauna kusa da taga. Na kai su gida, don babu wanda zai kai su in ba ni ba. Sai da na ajiye mukulli sannan na faɗa wa maigidana.

Yaya ya girme ni sosai. Ya zo Masar karatu tun ina yaro, karatun bai kai ƙarshe ba, sai ya koma ɗinki, sana'ar gidanmu. Ya kama ɗan shago a Ardul Liwa, a wani lungu bayan layin dogo, yana ɗinka wa ɗalibanmu da ma'aikatan jakadanci kaftani da jamfa, yana rage wa Misirawa wando. Shi ya samo mini aikin tuƙi wajen wani ma'aikacin jakadancinmu, na sauka Alƙahira a shekarar 2011, ƙasar tana tsakiyar hargitsi. Abu biyu ya koya mini a garin kafin ma in san hanyoyinsa: finafinan leƙen asiri na da, da ƙwallon ɗalibai ta ranar Asabar.

Fim ranar Juma'a ne. In mun dawo daga masallaci mun ci koshari, abincin Misirawa na shinkafa da taliya, sai ya ja ƙofar shagon rabi, ya ɗauke yadudduka daga kan wata tsohuwar talabijin, ya kunna bidiyon kaset da ya saya a kasuwar tsofaffin kaya. Duk duniya ta bar kaset, shi ya ƙi. Finafinan baƙi da fari ne, mutane cikin dogayen kwat da malafa, kullum ana ruwan sama, kullum wani yana bin wani a baya. Turanci suke yi, ana rubuta fassarar Larabci a ƙasa. Ni karatuna bai yi nisa ba, Turancin ya fi ƙarfina, rubutun Larabcin kuma yana wucewa kafin in haɗa baƙi. Don haka Yaya ne yake mayar mini da shi Hausa, yana zaune a kan kujerar kekensa, tef ɗin awo a wuya.

Fassararsa tana da yalwa. Mutum zai buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya, Yaya ya ce, "Cewa ya yi, wallahi in ka sake biyo ni sai na karya maka ƙafa, kuma ka gaida mini maigidanka."

In ce, "Yaya, abu ɗaya fa ya faɗa."

Ya ce, "A dunƙule ya faɗe shi. Ni nake warware maka, ɗan ƙauye."

Yana da doka guda. In fim ya zo daidai inda za a tona asirin maci amana, sai ya miƙa hannu ya danna, hoto ya ɗauke. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Sai yara sun ci." Ma'ana ba za mu ga ƙarshen ba sai ɗalibanmu sun yi nasara a wasan Asabar. In sun ci, mu dawo shago da yamma mu ƙarasa. In an ci su, ko an tashi kunnen doki, kaset ya zauna cikin akwati yadda aka tsayar da shi, ba a mayar da shi baya, ba a sa wani. Akwai lokacin da muka yi kusan wata biyu ban san ko wanzami ne ya sayar da jama'arsa ko sakatariya ba, saboda 'yan gabanmu sun kasa zura ƙwallo. Na roƙe shi, na yi fushi, na ce zan kalla ni kaɗai. Ya ce, "Bismilla, ga shi nan. Wa zai fassara maka?"

Ƙwallon kuwa ta ɗalibai baƙi ce da ke karatu a jami'o'in addini. Kowace ƙasa da tata ƙungiyar: Najeriya, Nijar, Senegal, Mali, Gini, Chadi, har da yaran Indonesiya masu gudu kamar ba sa taka ƙasa. Filin yana bayan gidajen ɗalibai, can wajen Abbasiyya, ƙasa ce ja ba ciyawa, raga ɗaya tana da rami da kowa ya sani. Daga unguwarmu sai ka tsallake layin dogo, ka hau ƙaramar bas, ka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, ka sake takawa. Ba mu taɓa ganin nisan ba. Muna zama a kan wani dogon dutse kusa da turken kwana, da ledar 'ya'yan kabewa da kofin shayi. Ni da shi babu wanda ya taɓa buga ƙwallo ta kirki. 'Yan kallo ne mu, kuma mun ɗauki kallon da muhimmanci. Yaran suna ce masa Baba, ni kuma Baba ƙarami. Shi ya ɗinka musu tuta, shi yake gyara rigunansu in sun yage.

Daga baya ya ba kansa wani muƙami da babu wanda ya naɗa shi. Ya ce ƙungiya ba ta ci ba tare da ɗan leƙen asiri ba. Kowace Laraba da la'asar sai ya rufe shago, ya sa wani dogon kwat mai ruwan toka da ya ɗinka wa kansa, da baƙin tabarau, ya sayi jarida, ya tafi inda abokan karawarmu suke atisaye, ya tsaya bayan shingen waya yana leƙe ta saman jaridar.

A wancan lokacin kuwa mutanen gari sun tsorata da baƙi, ko'ina ana maganar 'yan leƙen asiri na gaske. Wata Laraba ya tsaya kallon yaran Gini, sai samarin unguwa suka zagaye shi. Baƙo, baƙar fata, cikin kwat ana wannan zafi, da tabarau, da jarida. Suka tambaye shi wa ya aiko shi. Shi kuma, maimakon ya ce ƙwallo yake kallo, sai ya yi shiru yana kallonsu, yadda ya ga ana yi a fim. Abin ya fara zafi, har wani ya riƙe masa wuyan kwat. Yaran Gini ne suka bar atisaye suka zo da gudu. Golansu, wani dogon yaro mai karatun hadisi, ya ce wa samarin, "Ku sake shi, ya shabab. Telan 'yan Najeriya ne. Kullum yana zuwa, mun san shi."

Da ya ba ni labarin, ba riƙe wuyan ne ya dame shi ba. Ya ce, "Ka ji wai sun san ni." Daga ranar duk Larabar da ya je wajensu sai su aiko masa da kujerar roba da shayi. Yana karɓa. Bai daina sa kwat ɗin ba.

Rahotanninsa ba kasafai suke daidai ba, wannan kowa ya sani. Zai ce ɗan bayan Senegal yana ɗingishi, ranar wasa ka ga yaron ya fi kowa gudu. Kyaftin ɗinmu, wani natsattsen yaro mai karatun shari'a, yakan saurare shi hannu a ƙirji, ya ce, "Tamam, Baba, mun ji," sannan su shiga fili su yi abin da suka shirya. In an ci, Yaya ya ce rahotonsa ne. In an ci mu, ya ce ba a bi rahoton ba.

Tunda na zo garin ba mu taɓa cin Gini ba. A gasar 2014 ƙuri'a ta haɗa mu rukuni ɗaya, kuma wasanmu da su shi ne na ƙarshe: in mun ci mu wuce, in ba mu ci ba mu fita. Da Yaya ya ji haka sai ya jawo wani kaset daga ƙarƙashin teburin yanka. Sauran finafinan duk ya taɓa ganinsu a silima yana saurayi, ya san ƙarshensu, ni kaɗai yake azabtarwa. Wannan kuwa ya rantse mini bai taɓa gani ba, ajiye shi ya yi don babbar rana. Ya ce, "Wannan na Gini ne. Yau ni ma zan ji abin da kake ji."

Labarin wani mai gyaran agogo ne da ya shiga jirgin ƙasa zai tsallaka iyaka, da saƙo ɓoye cikin agogon aljihu. A ɗakin jirgin akwai likita, da wata tsohuwa mai kwandon tuffa, da wani saurayi mai tari. Ɗaya daga cikinsu an aiko shi ne don ya hana shi isa. Na ce tsohuwar ce. Yaya ya ce likitan ne, wai takalminsa ya yi tsafta da yawa ga mai doguwar tafiya. Jirgi ya tsaya a kan iyaka, fitila ta mutu, aka ga hannu ya kama mariƙin ƙofa. Yaya ya danna. Na ga yatsansa ya ɗan yi jinkiri kafin ya danna, amma ya danna.

Washegari Asabar babu wasa, sai Asabar ta sama. Ranar Laraba ya je leƙensa, ya biyo ta wajen aikina kafin magariba, kwat a kafaɗa, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Na gano su. Golan nan tsoron ƙwallon sama yake. Duk wadda aka ɗaga masa sai ta kuɓuce. Ka ga Asabar, a daina wasan ƙasa, a riƙa ɗago ta daga gefe. Gobe zan kira kyaftin." Na saya masa ruwan rake, ya sha a tsaye, ya hau bas. Washegari matarsa ta kira ni.

An yi jana'izarsa bayan sallar Juma'a, aka binne shi a wata maƙabarta a bayan gari. Ɗalibai sun cika motoci, har da na Gini da Senegal. Misirawan lungunsu suka jera kujeru a ƙofar shago, suna ba ni hannu suna cewa wanzuwa ta Allah ce. Na tsaya na karɓi gaisuwa yadda ya kamata. Ban shiga shagon ba.

Da yamma kyaftin ya zo tare da wani malami, dattijon ɗalibanmu, wanda yake haɗa digirinsa na uku kuma kowa yake jin maganarsa. Malam ya ce sun nemi a ɗaga wasan, masu shirya gasar sun ce ba hali, jarrabawa ta matso, wanda bai zo ba an ci shi. Ya ce, "A ganina mu haƙura. Gobe kwana uku, mutane suna zuwa gaisuwa. Ba zai yi kyau a ce an binne Baba jiya, yau yara suna guje-guje a fili ba. Amma kai ne mai makoki, naka za a bi."

Maganarsa daidai ce, kuma cikin ladabi ya yi ta. Amma ni ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, da safe za mu zauna a yi masa addu'a, duk wanda ya zo zai same mu. Da la'asar yara su buga. Na san Yayana. In aka ba Gini wasan nan a kyauta saboda shi, wannan ne abin da zai fi ɓata masa rai."

Malam ya ce bai ga haramci a ciki ba, kunya ce kawai ya ji. Na ce kunyar a bar mini ita. Na shiga cikin gida na tambayi matar Yaya, tana zaune cikin mata, ta ce daga bayan labule, "Ku je. Da shi ne da tuni ya goge takalmi."

Kafin su tafi na faɗa wa kyaftin rahoton Laraba, yadda Yaya ya faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tamam, Baba ƙarami. Wannan karon za mu bi."

Na zauna a kan dutsenmu, na bar gefensa babu kowa, kuma babu wanda ya zo ya zauna. Malam ma ya zo, ya tsaya can nesa da carbi a hannu. Kafin a fara, ƙungiyoyin biyu suka jeru a tsakiyar fili suka ɗaga hannu suka yi addu'a.

Yaranmu suka bi rahoton. Duk ƙwallon da ta zo ƙafarsu sai su kai ta gefe su ɗaga sama. 'Yan gabanmu gajeru ne, 'yan bayan Gini kuwa kamar itatuwan dabino. Wadda ta wuce kawunansu kuma, golan nan sai ya yi tsalle ya cafe ta da hannu biyu, ba ko gyara. Ban ga ya saki ko ɗaya ba. Ana gab da hutu ya cafe wata, ya jefa wa ɗan gefensu, yaron ya ruga shi kaɗai ya zura mana.

A hutun rabin lokaci kyaftin ya taho wajena, gumi yana zuba, ya durƙusa a gaban dutsen. Sauran suna tsaye suna kallonmu. Ya ce, "Baba ƙarami, in ka ce mu ci gaba a haka, za mu ci gaba har a tashi. Ba wanda zai yi ƙorafi."

Na gane abin da yake tambaya. Su ba za su iya ajiye maganar mamaci da kansu ba, sai in ni na sauke musu. Na ce, "Tunda kuke da shi, sau nawa kuka bi rahotonsa?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Yau ne farko."

Na ce, "To ya isa. Ku mayar da ita ƙasa ku yi wasanku. Shi ci yake so. In kun ci, ni zan ce rahotonsa ne."

Suka koma wasansu na gajeren ba-ni-in-ba-ka, kuma nan take fili ya canza. Can tsakiyar zagaye na biyu wani ƙaramin yaro ɗan ajin share fage ya kutsa tsakanin dogaye biyu ya tura ta ƙasa ƙasa, ta shige ta kusurwa. Na tashi tsaye ban sani ba, na juya dama don in kama hannun Yaya. Na koma na zauna.

Daga nan muka danne su. Malam ya matso har bakin layi, carbin ya koma aljihu, ina jin yana cewa, "Yalla, yalla, ku ba shi." Ana dab da tashi kyaftin ya samu wata a bakin da'ira ya buga, ta wuce gola, ta daki turke, ta dawo fili. Alƙalin wasa ya busa. Ɗaya da ɗaya. Gini ta wuce, mu muka fita.

Ina tattara ledar 'ya'yan kabewa, da ban ko buɗe ba, sai ga golan Gini. Ya cire safar hannu, ya gaishe ni da hannu biyu. Da Larabci muka yi magana, nasa mai kyau, nawa na tuƙi. Ya ce akwai abin da yake so ya faɗa mini, kuma yana neman afuwa. Ya ce duk Larabar da suka hango Baba bayan waya, sai su shirya masa wani abu. Wani ya yi ɗingishin ƙarya, wani ya yi kamar ba ya iya bugu da hagu. Wannan Larabar shi ne ya riƙa sakin ƙwallon sama da gangan, suna dariya a ɓoye. Ya kira ni ammu, wato baffa, ya ce, "Wasa muke yi da shi. Mun san ba sa bin maganarsa. Da na ga suna ɗago ta yau, sai na gane, kuma ban san yadda zan yi ba." Idonsa ya cika.

Dariya ce ta zo mini, ta farko tun ranar Alhamis. Wannan dabarar tana cikin kusan kowane fim da muka kalla: a gane ɗan leƙen asiri, a ƙyale shi, a riƙa ba shi labarin ƙarya ya kai gida. Yaya yakan buga cinya in an zo wajen, ya ce, "Ka ga aikin manya." Na ce wa yaron ma'alish, ba komai, babu abin yafewa. Na ce da Yaya ya ji wannan, da ya yi sati yana ba da labari, don ba a yi wa mutum irin wannan shiri sai an ɗauke shi da muhimmanci. Har yau ina nan a kan wannan maganar.

Bayan ta gama takaba, matar Yaya ta shirya komawa gida da yaran. Muka shiga shagon tare don raba kaya. Keken ɗinki ta bar wa wani ɗalibi da yake taya shi aiki, kwat ɗin ta ninke ta sa cikin jakarta. Da muka zo kan talabijin ta danna akwatin, kaset ya fito. Ta san dokar, ta sha jin muna gardama a kanta.

Ta ce, "Baffansu, ai ba a ci ku ba. Ka zauna ka ƙarasa kafin a cire wayar. Ni zan ba ka wuri."

Na ce, "Ba a ci mu ba, amma ba mu ci ba. Shi cewa ya yi sai yara sun ci."

Ta ce, "Taurin kanku iri ɗaya." Ta miƙo mini shi.

Na yi niyyar jira zuwa gasa ta gaba, na roƙi kyaftin in sun ci Gini ya zauna ya fassara mini, ya kuma yarda. A 2015 ƙuri'a ba ta haɗa mu da su ba. Na ci gaba da zuwa dutsen kowace Asabar, yaran sun ci wasu ƙasashen, amma wannan kaset na Gini ne. Kafin shekarar ta ƙare wa'adin maigidana ya cika, muka dawo Najeriya tare.

Kaset ɗin yana cikin akwatina, zaren yana daidai inda Yaya ya tsayar da shi. Ni har yanzu tsohuwar nake zargi. Ban ga ƙarshen fim ɗin ba.